Layi Shida da Lambobi: Bambancin Koyon Jita Tsakanin Turai da Zangon Kumasi

A ƙasashen Turai da Amurka, yawancin waɗanda ke koya wa kansu jita a gida suna farawa ne da wani tsarin rubutu da ake kira tabulaca, wanda makaɗa ke taƙaita sunansa su ce tab. Ana zana layi shida a kwance, kowane layi yana tsaye a madadin ɗaya daga tsirkiyoyin jita shida, na ƙasa shi ne na tsirkiya mai kauri mai gurnani, na sama kuma na siririyar, sannan a ɗora lambobi a kan layukan domin nuna gaɓar da za a danna. Abin da ake nufi da gaɓa shi ne tazarar da ke tsakanin siraran ƙarafan da aka gindaya a wuyan jita, waɗanda suka raba shi gida-gida tun daga kai har zuwa jiki. Sifili yana nufin a kaɗa tsirkiya a sake, lamba 3 tana nufin a danna gida na uku kafin a kaɗa, ana karantawa daga hagu zuwa dama, kuma lambobin da aka jera wata bisa wata a tsaye ana kaɗa su ne a tare. Wanda ya ga 3 a layi na biyar idan an ƙirga daga sama, da 2 a na huɗu, da sifili a na uku, da 1 a na biyu, da wani sifilin a na farko, ya riga ya san inda zai aza yatsunsa uku, ko da bai san cewa haɗin sautin da ya fitar shi ne wanda makaɗa ke kira C ba.

Wannan ne ya raba tabulaca da rubutun kiɗa mai layi biyar da ake koyarwa a makarantu, domin shi mai layi biyar sauti yake rubutawa ya bar wa makaɗi neman inda sautin yake a jikin kayan kiɗansa, ita kuwa tabulaca wurin sa hannu take nunawa. Tsarin ya daɗe. A 1507 Ottaviano Petrucci ya buga littafin Francesco Spinacino a birnin Banis na Italiya, wanda ke ɗauke da kiɗan lut, wato kayan kiɗan tsirkiya na Turai da ya samo asali daga udu na Larabawa, kuma a 1536 Luis de Milán ya fitar da nasa littafin mai suna El Maestro a Balansiya ta Sifen, inda ya jera layuka da lambobi kusan kamar yadda ake yi a yau. Faransawa kuma haruffa suka yi amfani da su a maimakon lambobi.

Sai dai wannan rubutu yana tsaye ne a kan sharuɗɗa biyu da ba kasafai ake ambata su ba saboda an ɗauke su tamkar dole. Na farko shi ne wuyan kayan kiɗan ya kasance yana da gaɓoɓi tabbatattu, kuma a jita an auna su ne bisa tsarin Turai mai raba zango ɗaya na sauti gida 12 daidai wa daida, ta yadda ƙarfe na 12 ke faɗawa a tsakiyar tsawon tsirkiya. Na biyu shi ne marubuci da mai karatu su ɗaure tsirkiyoyinsu iri ɗaya, wanda a al'ada shi ne E, A, D, G, B, E. Idan ɗaya daga cikin biyun nan ya kau, lambobin sun zama banza, kuma a kayan tsirkiyar da Hausawa da maƙwabtansu suka gada duka biyun babu.

Zangon Kumasi, a ƙasar Ghana, ya bunƙasa ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa babbar kasuwar goro ta Gwanja, Turawan Ingila suka mamaye Kumasi a 1896, jirgin ƙasa kuma ya iso birnin a 1903, lamarin da ya jawo fatake da malamai da 'yan ƙwadago daga ƙasar Hausa da Borno da ƙasar Mosi da Dagomba da Zabarma. Unguwanni irin su Aboabo da Asawase da Sabon Zongo sun zama mahaɗar waɗannan al'ummomi, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a littafinta na 1978 kan mutanen zangon. Kowace al'umma ta zo da kiɗanta: Bahaushe da goge da garaya da molo, Badagombe da gonje, wanda ɗan'uwan goge ne, mutanen Frafra na yankin Bolgatanga kuma da kologo mai tsirkiya biyu. Wuyan kowane ɗaya daga cikinsu sanda ce sumul wadda ba a gindaya mata komai ba. Mai goge ba ya ma danne tsagiyarsa har ta taɓa sandar, taɓa ta kawai yake yi da yatsu a sarari yayin da ɗaya hannun ke goga baka da aka shafa wa ƙaro, mai garaya kuwa da igiyar fata yake ɗaure tsirkiyoyinsa a jikin sandar, idan zai gyara sauti sai ya tura ƙullin sama ko ya jawo shi ƙasa da babban yatsa, yana kaɗawa yana saurare, har ya dace da muryar da zai yi waƙa da ita a ranar. Da yake zafi da raɓa suna sa fatar ƙoƙon ta ɗame ko ta saki, ɗaurin safe ba lallai ne ya kai dare ba, don haka babu wata lamba da za a rubuta wa almajirin garaya ta yi masa amfani gobe.

Wannan ba ya nufin koyon ba shi da tsari. Yaron makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya da bin ubangida wuraren biki da suna, ya shiga cikin 'yan amshi, ya daɗe yana ji kafin a bar shi ya riƙe kayan kiɗan a gaban jama'a, kuma abin da yake haddacewa shi ne take, wato gajeren salon kiɗa da aka keɓe wa wani mutum ko sarauta ko sana'a, wanda a ƙarƙashinsa akwai kalmomi sanannu. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar kalmomin da tsawo ko gajartar gaɓoɓinsu su ke gaya wa yatsa inda za ta je da tsawon lokacin da za ta tsaya. Ana iya cewa kalmomin take suna yin aikin da rubutu ke yi a Turai, har ma sun ɗara tabulaca ta fuska ɗaya, domin suna ɗauke da lokaci. Adamu Wayya, wanda aka fi sani da Ɗanmaraya Jos, ya rasu a 2015 bayan ya shafe shekaru yana riƙe taro da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal, kuma da za a rubuta kiɗansa da lambobi, abin da zai bayyana a takarda bai taka kara ya karya ba, saboda gwanintar tana cikin saurin hannun dama da yadda kiɗan ke bin bayan magana.

Ita kanta jita, wadda ta cika sharuɗɗan tabulaca duka biyu, ba ta hanyar takarda ta shigo Kumasi ba. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya su ne suka yaɗa salon kaɗa ta da yatsu biyu a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, inda babban yatsa ke riƙe tsirkiyoyi masu kauri, manuniya kuma tana fitar da karin waƙa a kan sirara, mutanen Akan suka karɓa suka gauraya shi da salon seprewa, tsohon kayan tsirkiyarsu. A 1928 ƙungiyar Kumasi Trio, ƙarƙashin Kwame Asare da ake kira Jacob Sam, ta ɗauki waƙar Yaa Amponsah a faifan Zonophone a Landan, kuma jerin sautukan wannan waƙa ya zama ginshiƙin da ɗimbin waƙoƙin hailaif suka hau. Daniel Amponsah, wato Koo Nimo, wanda aka haifa a Foase a 1934 ya kuma yi shekaru yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah, shi ne fitaccen wanda ya raya wannan salo a birnin. Makaɗan nan suna da sunayen salo, irin su odonson da dagomba da Yaa Amponsah ɗin kanta, kuma idan babba ya ambaci suna ɗaya abokan kiɗansa sun san abin da za su yi. Matsalar rubuta irin wannan kiɗa da tabulaca a bayyane take: babban yatsa da manuniya ba sa tafiya a kan ƙidaya ɗaya, kowanne yana jingine ne da bugun ƙararrawar ƙarfe da ake kira dawuro, wadda ke maimaita salo guda daga farko har ƙarshe. Lambobin za su nuna kowane gida daidai, amma wanda ya bi su ba tare da ƙararrawar tana kaɗawa a kansa ba zai fitar da sautukan Yaa Amponsah duka, a rasa mai taka rawa.

Abin lura shi ne tsofaffin littattafan lut ba su da wannan giɓi, domin suna sa alamomin tsawon lokaci a saman layukan. Tabulacar da ta yaɗu a intanet ce ta yar da su, saboda da haruffa da lambobin kwamfuta zalla ake buga ta, kuma marubutanta sun ɗauka cewa mai koyo yana da faifan waƙar a hannu. Ke nan shi ma ɗan koyon Amurka da kunne yake kammala karatunsa. Bambancin yana ga abin da kunnen ke bi: shi yana bin faifai ɗaya ne wanda ba ya canzawa, burinsa ya kwaikwayi kowane ɗan motsi kamar yadda aka ɗauka, alhali almajirin mai goge yana bin mutum ne mai rai wanda ba ya kaɗa take ɗaya iri ɗaya sau biyu, domin yana tsawaita shi ko ya gajarta gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya liƙa masa. Daga nan ma batun mallaka ya taso, tun da abin da aka ƙayyade a rubuce ana iya cewa na wane ne. Rumbun tabulaca na OLGA, wanda aka fara a 1992, an rufe shi a 2006 sakamakon matsin lambar kamfanonin buga waƙoƙi. A Ghana kuwa, lokacin da mawaƙi Paul Simon ya yi amfani da salon Yaa Amponsah a faifansa na 1990 ya kuma biya haƙƙi, sai da aka yi ta muhawara kan wanda ya cancanci kuɗin, a ƙarshe hukuma ta ɗauki waƙar a matsayin gadon al'umma.

Kuskure ne a danganta wannan bambanci da rashin sanin rubutu, domin zango wuri ne na allo da tawada tun kafuwarsa, kuma rubuta kiɗa ba baƙon abu ba ne a tarihin ilimin Musulmi, tun da Safiyuddin al-Urmawi, wanda ya rasu a 1294, ya yi amfani da haruffan abjadi wajen nuna sautuka da lambobi wajen nuna tsawonsu a littafinsa Kitab al-Adwar. Abin da ya faru shi ne masu alƙalami da masu kiɗa ba su zauna inuwa ɗaya ba. Malamai sun daɗe suna ƙyamar goge da garaya saboda alaƙarsu da bori da gidajen shaye-shaye, jita ma ta zo da nata tabon na mashayar bammi, kuma kiɗa a wurin Bahaushe sana'ar roƙo ce da ake gada, wadda ɗan malami ko ɗan attajiri ba ya kusanta. A ɗaya ɓangaren birnin, majami'u sun koya wa mawaƙansu rubutun do-re-mi, kuma da yawa daga makaɗan Kumasi a nan suka fara taɓa kayan kiɗa, hanyar da ba ta buɗe wa yaron Aboabo ba.

A nan ne tabulaca ke da wani amfani a zango wanda ba shi ne babban amfaninta a Turai ba. Saurayin da ke da waya da aron jita yana iya koyo a ɗakinsa ba tare da ya zama yaron kowa ba, ba tare da an gan shi a bayan makaɗi a gidan biki ba, wanda hakan ke rage masa nauyin surutun dangi. Farashin da yake biya shi ne abin da aka fi rubutawa a shafuka irin su Ultimate Guitar waƙoƙin Amurka da Ingila ne, don haka hannunsa yakan saba da salon bugu na can kafin ya san na ƙofar gidansu. Makaɗan jita na Sahel da suka yi suna a duniya ta ɗaya hanyar suka bi: Ali Farka Touré na Mali da kayan tsirkiya ɗaya na gargajiya ya fara kafin ya mayar da salonsa kan jita, Mdou Moctar na Nijar kuma da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mai koyo a Asawase zai iya gane tabulaca cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma ya kamata ya koye ta don sanin gidajen wuyan jita, amma odonson da taken goge sai ya je inda ake kaɗa su ya zauna.