Kafin A Rubuta Kasafin Kumbotso, A Tambayi Panshekara



Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, a daina bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi. An yi murna, sai kuma aiwatarwa ta gamu da jan ƙafa. To amma ko gobe kuɗin ƙaramar hukumarmu ta Kumbotso suka fara zuwa kai tsaye, in ba mu da ta cewa kan yadda za a kashe su, hannun da ke riƙe da su kawai aka sauya.

Duk wanda ke zaune kusa da masana'antun Challawa ya san warin ruwan jimar fata da ke bin kwatoci ya gangara kogi. Ya san yadda damina ke cika magudanar da shara ta toshe har ruwa ya shiga zaure. Yana ganin 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki, alhali daga kogin Challawa ake tace ruwan da ake kai wa cikin birni. Kula da dattin masana'antu aikin gwamnatin jiha ne da hukumar kare muhalli ta NESREA, a nan da Sharada da Bompai. Amma kwashe shara, magudanan unguwa, kasuwa da maƙabarta, tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a wuyan ƙaramar hukuma, tana kuma da hannu a firamare da asibitin sha-ka-tafi. Wa ke zaɓar wanda za a fara yi? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba sabon abu nake kawowa ba. Birnin Porto Alegre na Brazil ya fara tun 1989: mazauna unguwanni su taru, su jera buƙatunsu, a shigar cikin kasafi. Maƙwabciyarmu Kaduna ma ta gwada karɓar buƙatun al'umma a rubuce kafin tsara kasafin kuɗi.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Kansilan mazaɓarmu ya kira taro kafin a rubuta kasafi, da masu unguwanni, limamai, mata, matasa, 'yan kasuwa da ma'aikatan kamfanoni. A fitar da ayyuka uku mafi gaggawa, a sa hannu. In an amince da kasafin, a liƙa shi a sakatariya da ƙofar mai unguwa, da Hausa: kuɗin kowane aiki, sunan ɗan kwangila da ranar gamawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin wannan bayani.

Mu ma da namu nauyin. In an kira taro, mu je, mu kai buƙatar unguwa maimakon ta aljihunmu. Ku tura wa kansilanku wannan, ku tambaye shi ranar zama. Allah Ya ba mu shugabanni masu sauraro.