Ɗana, ka bar mata hanyar dawowa

Na ga hoton na'urar da kake haɗawa da bututun PVC, wadda kake son turawa ƙarƙashin ruwa da kyamara, kana sarrafa ta da waya daga gaɓa. Allah ya yi albarka. Sai dai na lura hankalinka duk ya tafi kan farfela da batir, alhali nauyi ne zai ba ka wahala.

Lissafin ba shi da wuya. Duk abin da ka tsoma a ruwa, ruwan na ɗaga shi da ƙarfi daidai nauyin ruwan da ya ture, kuma lita 1 ta ruwan daɗi kilo 1 ce. In na'urarka ta ture lita 6, sikeli kuma ya ce kilo 6 ce, za ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. Kada ka nemi wannan cif-cif ɗin. Rage mata nauyi kaɗan, yadda in ka danna ta ƙasan duro ka saki, za ta taso sannu-sannu kamar ba ta so. Farfela ce za ta riƙa kai ta ƙasa. Shekarun da na yi ina gyaran famfo a bakin madatsa sun nuna min ruwa ba ya barin waya lafiya. Ranar da wuta ta ɗauke, sai na'urar ta taso da kanta, ka miƙa hannu ka ɗauki abarka.

Manya ma haka suka yi. A 1960 Jacques Piccard da Don Walsh sun sauka kusan mita 11,000 a ramin Mariyana na ƙarƙashin teku cikin jirgin Trieste. Fetur suka cika wa tankinsa, don ya fi ruwa sauƙi kuma ba ya matsuwa kamar iska. Ƙwayoyin ƙarfen da ke nutsar da shi kuwa maganaɗisun lantarki ne ke riƙe da su. Wuta na yankewa za su zube, jirgi ya yo sama.

Wurin da ka ɗaura nauyin shi ma magana ce. Dubi tarun masunta: abin da ke tasowa a sama, dalma a ƙasa, shi ya sa yake tsaye a ruwa. Yi haka, kuma ka nisanta su gwargwadon iko, na'urar ba za ta kife ba. Noti da guntayen dalma sun wadatar. Ka riƙa ƙara su ɗaya-ɗaya, kana duba ko ta karkata.

Ka nisanci soson katifa, da robar ruwan sha, da duk abin da yatsa ke iya lotsawa. A zurfin mita 10 matsin ruwa kan mayar da iska rabin girmanta. Ɗagin ya ragu, na'ura ta ƙara nutsewa, iskar ta ƙara matsuwa, har sai ta kwanta a laka. Guntun bututu mai kauri da aka toshe bakinsa biyu da murfi da gam ya fi. Sauran bututun jikin kuma ka huda su ko'ina, ruwa ya shiga ya fita, kada iska ta ɓuya a wata kwana ta rikita maka awo.

Wayar fa? Yara da yawa a nan suke faɗuwa. A duro gajeriya ce, ba ta komai. A tafki, in ka saki mita 20, nauyinta zai ja gindin na'urar, kyamara ta koma kallon sama. Ɗaura mata ƙananan abin tasowa tazara-tazara, ka gwada ta ita kaɗai a ruwa tukuna.

Fara da inda ruwa bai wuce ƙugunka ba. In kuma wata rana na'urar ta maƙale kusa da ƙofar madatsa, don Allah kada ka bi ta. Ruwan wurin yana ja ta ƙasa ko da samansa a kwance yake.