Godiya ga masu dashen ciyawa a Jamaica Bay

Duk wanda jirginsa ya taɓa sauka a filin jirgin saman John F. Kennedy na birnin Niyok, in ya leƙa ta taga, ya ga wani faffaɗan ruwa da tsibirai kore shar a warwatse cikinsa. Shi ne Jamaica Bay, mashigin tekun da ke tsakanin Brooklyn da Queens. A gefensa nake zaune da iyalina, a Rockaway, kuma kullum jirgin ƙasa na layin A yana ratsawa da ni ta kansa zuwa wurin aiki. Na ɗauki alƙalami ne domin in gode wa mutanen da suka shiga taɓon wannan ruwa har gwiwa saboda mu, alhali yawancinsu ba su ma san da zamanmu ba.

Tsibiran nan fadama ce, amma ta ruwan gishiri. Sau biyu a kwana guda teku takan cika ta shafe su, sannan ta janye. Ciyawar da ta fi jure wannan zama ita ce wadda masana ke kira Spartina, kuma saiwarta ce ke riƙe da ƙasar. In ta mutu, tsibirin ya zaizaye ke nan. Haka aka yi ta asararsu shekara da shekaru. Matatun ruwan ƙazanta huɗu suna zuba sinadarin naitirojin a mashigin, wanda ke raunana saiwar. An yashe gindin ruwan, har da yashin da aka yi cikon filin jirgin da shi. Ga teku kuma kullum ƙara tasowa take. Mazauna Broad Channel, unguwar da ke kan tsibiri a tsakiyar ruwan, su suka fara ƙorafi tun a shekarun 1990. Suka kafa ƙungiyar Jamaica Bay Ecowatchers, suka yi ta zarya wurin hukuma har aka saurare su. Godiyata ta farko tasu ce.

Ni kuwa ban san darajar ciyawar nan ba sai ranar 29 ga Oktoba, 2012, daren da guguwar Sandy ta afka mana. Ruwa ya shiga gidaje, ya lalata layin dogon da ke ƙetare mashigin, aka yi wata bakwai jirgi bai bi ba. Wanda ya kwana yana jin teku a ƙofar gidansa ba ya ƙara raina duk abin da ke tsakaninsa da ita.

Injiniyoyin sojan Amurka sun zuba yashi a tsibiran Black Wall da Rulers Bar, amma yashin da babu ciyawa ba ya zama. Daga 2013 masu aikin sa-kai suka karɓi dashen, ƙarƙashin American Littoral Society da Ecowatchers. Da kaka a tsinko irin ciyawar daga cikin mashigin, a raine shi, da bazara a mayar da shi gida. A kwalekwale ake kai mutane, kuma teku ce ke yanka lokacin aiki: da ta janye a sauka, da ta fara dawowa a tattara. Wannan ya huda rami, wancan ya sa dashe ya danne da diddige, wasu kuma suna kafa turaku suna ja musu igiya don kada dinya ta sauka ta tuge abin da aka dasa. Ranar da na bi su, na rantse sai na ga kamar dashen shinkafa a fadamar garinmu. Gayya ce sosai, sai dai babu mai gona, babu furar da za a dama wa kowa. Wata dattijuwa da ta isa ta haife ni ta ara mini safar hannu, ta nuna mini zurfin da ake so. Baba, ban tambayi sunanki ba, amma ban manta ki ba.

Ba na cewa ciyawa za ta tare ambaliya irin ta Sandy. Abin da take yi shi ne karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa, da tace ruwan, da ba ƙananan kifaye mafaka. Tsuntsaye sama da iri 300 aka gani a wannan wuri, a cikin birnin da ake ce wa babu komai sai bene da kwalta. 'Ya'yana sun ga zalɓe yana kamun kifi da idonsu, kuma ku masu dashe kuka ba su wannan.

Ɗalibai, 'yan fansho, masunta, iyayen da suka zo da yaransu ranar hutunsu: na gode, na gode. Allah ya saka muku da alheri, ya raya abin da kuka dasa. 'Yan'uwana Hausawa na Bronx da Brooklyn da Queens, in aka sake kiran aiki a bakin ruwan nan, don Allah mu fito. Mu da muka tashi a gona ba sai an koya mana sunkuyo ba.