Walimar Rab Yosef: Makaho da Kurma a Shari'ar Yahudawa

A farkon ƙarni na 4 na Miladiyya, a garin Pumbedita da ke bakin kogin Furatu, kusa da inda birnin Falluja yake a Iraƙin yau, an yi wani malamin Yahudawa mai suna Rab Yosef. Makaho ne. Saboda yawan abin da ya haddace, malaman zamaninsa suka yi masa laƙabi da Sinai, wato dutsen da aka bai wa Annabi Musa Attaura a kansa. Daga baya shi ya shugabanci makarantar garin bayan rasuwar abokinsa Rabba. Littafin Talmud, wanda shi ne babban kundin muhawarar malaman Yahudawa, ya adana labarin yadda wannan malami ya yi alkawarin walima sau biyu a kan mas'ala guda, kuma alkawari na biyu ya warware na farko.

Asalin mas'alar ra'ayin wani malami ne da ya gabace shi, Rabbi Yehuda, wanda ya rayu a ƙarni na 2. Shi yana ganin cewa an ɗauke wa makaho dukkan umarnin da ke cikin Attaura, waɗanda a lissafin malamansu suka kai 613. Sauran malamai ba su bi shi a kan haka ba. Da farko Rab Yosef ya so a ce Rabbi Yehuda ne ke da gaskiya, har ya ce zai shirya wa malamai walima in wani ya tabbatar masa da hakan. Dalilinsa mai sauƙi ne: idan ba a wajabta masa ba amma yana yi, to ladansa ya ɗara na wanda ake tilasta wa. Sai ya ji koyarwar Rabbi Hanina, cewa wanda aka umarta kuma ya aikata ya fi wanda ya aikata ba tare da an umarce shi ba. Nan take ya juya. Ya ce yanzu walimar ta wanda zai tabbatar masa cewa ba a bin ra'ayin Rabbi Yehuda ce.

Mai karatu zai iya mamakin mutumin da aka miƙa wa sauƙi ya ce shi nauyi yake so. Malaman da suka yi wa Talmud sharhi a Faransa da Jamus sun bayyana cewa wanda aka umarta kullum yana cikin fargabar kada ya gaza, shi kuwa mai yi don ganin dama zai iya ajiyewa duk ranar da ya so. Akwai kuma wani dalili da tsarin shari'ar kanta ya haifar. Ƙa'ida ce a wurinsu cewa wanda abu bai wajaba a kansa ba, ba zai iya sauke wa jama'a wannan wajibin ba. Ke nan duk wanda aka ɗauke masa addu'a, an kuma hana shi jagorantar addu'a. A Hausa kalmomin biyu suna da nisa da juna: "an ɗauke masa" magana ce ta tausayi, "an cire shi" kuwa magana ce ta wariya. A wannan shari'a hukunci guda na iya ɗaukar ma'anonin biyu a lokaci ɗaya, kuma wanda abin ya shafa ne ya fi kowa jin na biyun.

Rab Yosef bai tsaya ga magana ba. A daren Idin Ƙetarewa, maigida kan karanta wa iyalinsa labarin fitowar Bani Isra'ila daga Masar. Wani malami ya ce wannan bai hau kan makaho ba, domin mai karatun yakan yi nuni ga abincin da ke gabansa. Da aka tambayi ɗaliban Rab Yosef wane ne ke karantawa a gidansa, sai suka ce shi da kansa. Haka aka samu a gidan Rab Sheshet, wani babban malamin da shi ma makaho ne. Yadda waɗannan mutum biyu suka yi a gidajensu ya zama hujjar da aka kawo a cikin muhawarar.

Ita kanta Attaura ta zo da fuskoki biyu a kan naƙasa. A Littafin Firistoci, sura ta 19, an haramta zagin kurma da sanya wa makaho abin tuntuɓe a hanya, aka kuma haɗa hanin da tsoron Allah, domin laifi ne da wanda aka yi wa ba zai ji ba, ba zai gani ba. Amma a sura ta 21 ta wannan littafin, an hana firist mai lahani a jiki, makaho ko gurgu, miƙa hadaya a kan bagade, ko da yake an bar masa rabonsa na abinci mai tsarki. Bayan rushe Haikalin Ƙudus a shekara ta 70, batun hadaya ya ƙare, sai ya rage addu'ar albarka da zuriyar firistoci ke yi wa jama'a a majami'a. A nan malamai suka fara da cewa mai lahani a hannu kada ya ɗaga hannuwansa ya yi albarka, suka kuma faɗi dalili: jama'a za su zuba masa ido, hankalinsu ya bar addu'a. Daga nan suka ƙara da cewa in mutanen garinsa sun saba da shi, babu laifi. Wannan ƙarin ya nuna inda matsalar take, wato a idon masu kallo, kuma sabo yana maganinta.

Mas'alar da ta fi daɗewa ita ce ta kiran makaho zuwa ga karatun Attaura. A majami'a, ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya su hau dandamali su yi addu'ar albarka a gaban naɗaɗɗen littafin fata, kuma wannan babbar daraja ce. Ƙa'idar kuwa ita ce rubutacciyar Attaura ba a karanta wa jama'a ita da ka. A kan haka Yosef Karo, malamin garin Safad, ya rubuta a kundinsa Shulhan Aruk, wanda aka buga a Benis a 1565, cewa makaho ba ya karantawa. Moshe Isserles na birnin Krakow ya yi ta'aliƙi a wurin, ya ce al'adar da ake bi ita ce a kira makaho, yana jingina da Maharil, malamin Jamus da ya rasu a 1427. Hujjar tana da ƙarfi. A wancan zamani an riga an naɗa makaranci guda da ke karanta wa kowa, saboda yawancin waɗanda ake kira ba su iya karatun da ƙira'arsa ba. In ana kiran mai ido da bai iya ba, da wane dalili za a bar makaho a zaune?

Halin kurma ya fi tsanani. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, yakan jera mutum uku tare: kurma, da mai taɓin hankali, da ƙaramin yaro, a matsayin waɗanda hukunci bai hau kansu ba. Kalmar Ibrananci ita ce heresh, kuma Mishna ta fassara ta da wanda ba ya ji, ba ya kuma magana, wato wanda Bahaushe zai kira kurma kuma bebe. A duniyar da ilimi ke tafiya daga bakin malami zuwa kunnen ɗalibi, sun ɗauka cewa wanda bai ji ba bai fahimta ba. Duk da haka sun amince masa ya saya ya sayar da kayan hannu ta hanyar ishara, sun kuma tsara masa yadda zai yi aure da ishara. Talmud ma ya kawo labarin wasu bebaye biyu da kan zauna gaban Rabbi Yehuda Hanasi suna gyaɗa kai suna motsa leɓe. Da ya yi musu addu'a bakinsu ya buɗe, sai aka tarar sun haddace karatun duka.

An shafe ƙarnuka kafin a ɗauki darasin wannan labari da muhimmanci. A ƙarni na 19, Rabbi Abraham Sofer na Pressburg, wato Bratislava ta yau, ya ziyarci makarantar kuramen Yahudawa da ke Biyana. Ɗansa ya ruwaito cewa abin da ya gani ya girgiza shi, har ya shiga shakkar ko waɗannan yara ba mukallafai ba ne kamar kowa, ya kuma nemi a saya musu tefilin, ƙananan akwatunan fata da ake ɗaurawa a hannu da goshi lokacin addu'ar safe. Rabbi Azriel Hildesheimer na Balin ya karkata ga cewa kurman da ya sami ilimi umarni ya hau kansa. A 2011 kwamitin shari'a na mazhabar Masorti a Amurka ya amince da fatawar Rabbi Pamela Barmash, wadda ta tabbatar da cewa kurame masu amfani da maganar hannu mukallafai ne cikakku, kuma maganar hannu harshe ce da ake iya ibada da ita. A cikin masu bin tsohuwar hanya, wato Otodoks, har yanzu akwai saɓani a kan wasu rassan mas'alar. Abin lura shi ne kuramen ba su canja ba. Makaranta ce ta bayyana abin da ke cikin zukatansu tun asali, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Zamani ya zo da nasa tambayoyin. Ranar Asabar ba a kunna na'urar lantarki, ba a kuma ɗaukar kaya a kan titi. To yaya mai na'urar ji zai yi? Manyan malamai, cikinsu har da Shlomo Zalman Auerbach na Ƙudus, sun halatta sa ta muddin an kunna ta tun kafin faɗuwar ranar Juma'a. Gurgun da ba ya iya tafiya sai da sanda, tun da can an yarda ya fita da ita, domin ta zama ƙafarsa. Shulhan Aruk bai bai wa makaho wannan damar ba, amma malaman baya da dama sun sassauta, ganin haɗarin titunan zamani. A 1953 aka tambayi Rabbi Moshe Feinstein na birnin New York ko makaho zai iya shiga majami'a da karen da ke yi masa jagora. Ya halatta, yana mai cewa in an hana shi, to an raba shi da sallar jam'i da jin karatun Attaura har ƙarshen rayuwarsa. Wasu malamai sun yi masa raddi saboda alfarmar wurin ibada. A fagen karatu kuwa, wata cibiya da aka kafa a New York a 1931 ta jagoranci tsara rubutun makafi na Ibrananci, wanda ya bai wa makaho damar bin littafin addu'a da yatsunsa.

Akwai wani labari a Talmud da ke haska dukkan waɗannan fatawowi. An yi saɓani a kan ko makaho zai yi addu'ar gode wa Allah da ya halicci haske, alhali bai taɓa ganinsa ba. Rabbi Yose ya ce wata rana yana tafiya cikin duhun dare ya gamu da makaho riƙe da jiniya. Ya tambaye shi amfaninta gare shi. Makahon ya amsa cewa muddin tana hannunsa, mutane za su gan shi, su kare shi daga rami da ƙaya. Da wannan aka kafa hujjar cewa makaho yana amfana da haske, don haka addu'ar ta hau kansa. Ɗalibin harshe zai so ya san cewa a harshen Aramiya ana sakaya sunan makaho da sagi nahor, ma'ana mai yawan haske, kamar yadda a Hausar yau ake cewa masu buƙata ta musamman a maimakon naƙasassu. Sakayawa tana da kyau, amma makahon Rabbi Yose abin da ya nema shi ne a gan shi.

A wani lokaci na rayuwarsa Rab Yosef ya gamu da jarrabawa ta biyu. Ya yi rashin lafiya mai tsanani, karatun da ya sa ake kiransa Sinai ya zube daga kansa. Ɗalibinsa Abaye ne ya riƙa zama gabansa yana tuna masa cewa shi da bakinsa ya koya musu kaza, a kan mas'ala kaza. Talmud ya ruwaito daga wannan malamin wata koyarwa game da Akwatin Alkawari. Ya ce a cikinsa an ajiye sababbin allunan da Annabi Musa ya sauko da su, tare da gutsattsarin allunan farko da suka farfashe. Daga nan aka fitar da hukuncin cewa malamin da karatu ya kuɓuce masa ba da laifinsa ba, haramun ne a wulaƙanta shi.

Ra'ayin da ya rinjaya a wurin malaman baya shi ne makaho mukallafi ne kamar kowa, wato abin da Rab Yosef ya yi wa alkawarin walima a karo na biyu. A yau ana kiran makaho da sunansa da sunan mahaifinsa a majami'u masu yawa, ya hau dandamali, ya riƙe sandar naɗaɗɗen littafin, ya yi addu'ar albarka, jama'a su amsa masa da amin.