Tabkin Madarunfa da idon kamara

Wanda ya bar Maradi da asuba ya nufi kudu, kafin rana ta ɗaga ya isa Madarunfa, domin tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Garin ya yi suna da kaburburan waliyyai 99 da aka ce sun kewaye tabkinsa. Amma daga watan Nuwamba zuwa Maris akwai wasu baƙin da ba ziyara ta kawo su ba: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa masu gudun sanyin Turai, waɗanda ke tarar da ƴan gida, balbela da zalɓe da kirinjijiya. A shekarar 2019 aka sa tabkin cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai sha'awar ɗaukar hotonsu, hisabinsa na farko yana wurin sayen idon kamara, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Mai kyau kuɗinsa ya haura albashin wata na ma'aikata da yawa, kuma wanda ya saya daga Kano ko Dubai ba ya da inda zai mai da shi.

Lokacin da tsuntsayen nan ke zuwa, shi ne na hunturu. Duk sa'ad da aka kwance ido aka ɗaura wani a bakin tabki, ƙura ta sami ƙofa, ta zauna cikin kamara, sai kowane hoto ya fito da ɗigo a sararin sama. Nan ne ido guda mai aikin kome ke da ranarsa. Irin na Tamron mai milimita 18 zuwa 400, wanda ya fito a 2017, yana ɗaukar masunci da jirginsa da fuskar ruwa gaba ɗaya, a murɗa shi kuma ya jawo zalɓen da ke can nesa. Nauyinsa bai kai kilo guda ba. Ko shi ma, in ana miƙa shi ana mai da shi yakan shaƙi ƙura kaɗan kaɗan, don haka ba a raba shi da jaka da ƙyalle mai laushi.

Sai dai kome da ranar biyan bashinsa. In an miƙa shi iyaka, hasken da yake shigarwa yana raguwa, hoton kuma ba ya da kaifi kamar na tsakiya. Alhali tsuntsu da sassafe yake kiwo, lokacin da haske bai wadata ba, kuma fiffike mai motsi yana son kamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. Wanda tsuntsu kaɗai ya dame shi, gara ya ɗauki milimita 150 zuwa 600 irin na Sigma, ya haƙura da nauyin kusan kilo 2 da ciwon wuya. Wanda kuwa zai biya Madarunfa yau, wani wata ya haura gandun Gadabeji wajen Dakoro, inda aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018, ido guda ya ishe shi. Raƙumin dawa ba ya ɓuya bayan ciyawa.

Akwai abin da mai shago ba ya faɗi. Da rana ta take, zafi na tashi daga ƙasa, iska ta yi ta rawa, kuma tsawon ido sai ƙara wannan rawa yake yi. Milimita 600 da azahar ba su kai 300 da safe ba. Masuntan tabkin sun san inda kirinjijiya ke kwana, da gefen da rana za ta kasance bayan mai hoto. In an shirya da ɗayansu tun daren jiya, zai tura jirgi a hankali, ba magana, har tazarar ta ragu da rabi kafin garken ya tashi.