Mai Mabuɗi Ya Kwana a Waje

A zamanin da, kowace ƙofar birni tana da sarkin ƙofa, wanda in dare ya yi ya rufe, ba ya buɗe wa kowa sai wanda ya sani. Ashe ita ma kwamfuta tana da nata sarkin ƙofar, kuma wani matashi mai kula da ɗakin kwamfutoci na wata makaranta ya gane wa idonsa haka a daren jajibirin jarrabawa.

An ɗauke wuta da magariba, kome ya mutu. Da aka tayar da janareta sai babbar kwamfutar, watau uwar garke, wadda ke aiki da CentOS 5, irin Linux ɗin nan da ya fito a 2007, ta fara tashi, amma da ta kawo wurin tayar da messagebus sai ta tsaya cak. Ya kashe ya kunna, ta koma ta tsaya a nan. Ga shi kuwa sunan kowane ɗalibi da kalmar sirrinsa suna cikinta, a kundin da ake kira LDAP, wanda aka fara bayyana ƙa'idarsa a 1993. In ba ta tashi ba, ba mai zaman jarrabawa gobe.

Da fari ya zargi faifan ajiya, har ya ɗauko sukundireba. Sai ya tuna gaggawa aikin Shaiɗan, ya shiga ta hanyar mutum ɗaya, wadda ba ta jiran sadarwa, ya zauna karanta rahoton da na'urar ke rubuta wa kanta. Nan ya tarar tana neman kundin, in ta rasa ta dakata daƙiƙa 4, sannan 8, 16, 32, har 64, kuma haka za ta yi wa kowane suna.

Dalili kuwa shi ne, ba ɗalibai kaɗai ke da suna a kwamfuta ba. Barorinta na cikin gida, irin su dbus, su ma suna da nasu, kuma kafin kowane ya kama aiki sai an binciki ƙungiyoyin da yake ciki. Fayil ɗin nsswitch.conf ya ce a tambayi na gida, a kuma tambayi kundi, alhali kuwa shirin da ke buɗe kundin yana bayansu a layi, bai tashi ba tukuna. Mai mabuɗi ke nan a waje, ana jira ya buɗe daga ciki.

Layi biyu ya gyara a ldap.conf. Ya mai da bind_policy zuwa soft, domin in an kira ba a amsa ba a wuce, sannan ya jera sunayen barorin gida a nss_initgroups_ignoreusers, don kada a sake neman shaidarsu a kundi. Kafin kiran assalatu ta tashi lafiya lau. Daga baya ne aka yawaita amfani da SSSD, wanda ke riƙe sunayen da ya taɓa gani ko da kundi ya yi shiru.

Masu iya magana sun ce haƙuri maganin zaman duniya, amma a daren nan yawan haƙurin na'ura ne ya kusa jawo asara. Tun daga ranar, duk gyaran da ya yi sai ya kashe wutar da hannunsa, ya tsaya ya ga tashinta, tun ba a zo daren jarrabawa ba.