Pozuzo, Garin Mutanen Tirol a Dajin Feru

A gabashin tsaunukan Andis, inda ƙasar Feru ke gangarawa zuwa kurmin Amazon, akwai wani ɗan gari mai suna Pozuzo. Mazaunansa da yawa jikokin talakawan Ostiriya ne da na Jamus, waɗanda suka iso wurin a 1859. Tun da na ji labarinsa ake ta kwarzanta mini gidajensa na katako da raye-rayensa, amma abin da ya kai ni shi ne son in ji ko harshen da suka zo da shi yana raye.

Zuwa wurin sai mai haƙuri. Daga Lima, babban birnin ƙasar, mota takan kwana tana hawa har ta tsallake mashigin Ticlio, wanda tsayinsa ya haura mita 4,800, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. Daga nan sai gangara ta Tarma da La Merced zuwa Oxapampa. Saura kimanin kilomita 80, amma su ne masu cin rai: hanya ce siririya da ke bin kwazazzabon kogin Huancabamba, dutse a dama, rami a hagu, ruwa kuma yana kwararowa daga sama yana ratsa ta. Ina cikin motar nan ina tunanin waɗanda suka keta irin wannan daji da ƙafa, da goyo, da tsofaffi.

Gwamnatin Shugaba Ramón Castilla ce ta so ta zaunar da Turawa a gabashin ƙasar, ta ƙulla yarjejeniya da wani basaraken Jamus, Damian von Schütz-Holzhausen, kan zai kawo mutum 10,000. Waɗanda suka taso a karon farko kimanin 300 ne kacal, galibinsu daga Tirol, sauran daga yankin kogin Rhine. Jagoransu wani limamin Katolika ne, Josef Egg. Talauci ne ya koro su. A Tirol ta wancan zamani, matalauci ba ya samun izinin aure cikin sauƙi, shi ya sa da dama daga cikinsu a jirgin ruwa aka ɗaura musu aure. Sun bar Antwerp a 1857, suka iso gaɓar Feru bayan watanni, sai suka tarar hanyar da aka yi musu alkawari ba a gama ta ba. Shekara biyu suka yi tsakanin bakin teku da Pozuzo, suna sarar hanya da hannunsu. Wasu suka mutu, wasu suka gaji suka watse cikin garuruwa. Waɗanda suka isa a Yulin 1859 ba su wuce rabin na farko da yawa ba. Dajin kuwa ba kango suka tarar ba, ƙasar mutanen Yanesha ce tun fil azal, batun da masu ba baƙi labari sukan wuce da sauri.

Sai gwamnati ta manta da su. Wani ayari ya biyo baya a 1868, daga nan shiru. Hanyar mota ba ta iso garin ba sai a tsakiyar shekarun 1970. Fiye da shekara ɗari ke nan suna noman rogo da masara da kofi, suna kiwon shanu, suna aure a tsakaninsu, suna magana da karin harshen ƙauyukan Tirol.

Abin da ido ke gani bai ɓace ba. Ga gidaje masu tsinin rufi, irin wanda aka ƙera don ƙanƙara ta zame, a ƙasar da ba ta san ƙanƙara ba, sai ruwan sama. Unguwar mutanen Rhine har yau Prusia ake kiranta. A makabarta sunayen dangi na Jamusanci ne, sunayen yanka kuwa suna rikiɗewa zuwa na Sifaniyanci gwargwadon yadda kaburbura ke sabunta. Na daɗe a wurin fiye da yadda na daɗe a gidan tarihi. A masaukina an kawo mini strudel, wani naɗaɗɗen burodi mai zaƙi da ake cusa wa tuffa a Ostiriya. A nan ayaba suke sa masa. Ya fi mini duk kayan gargajiyar da ake sawa don masu ɗaukar hoto, domin shi ba a yi shi don baƙo ba, rashin tuffa ne ya haife shi.

Harshen fa? Kwana uku na yi ina kasa kunne a kasuwa da bakin coci, Sifaniyanci kawai nake ji. Wata dattijuwa da aka kai ni wurinta ta yi mini 'yan jimloli da tsohon karin, ta lissafa sunayen kayan girki, sa'an nan ta yi dariya ta koma Sifaniyanci, ta ce da wa za ta yi shi? Jikokinta suna koyon Jamusanci a makaranta, da taimakon masu son garin daga Tirol, amma daidaitaccen Jamusanci ne na littafi, wanda kakarsu ba da shi ta tashi ba. Idan suka gaishe ta da shi, takan gane, sai dai tamkar baƙi ne suka yi mata sallama.

Ban ga laifin hanya ba. Ita ta kawo likita, ta fitar da shanu kasuwa, ta kawo ni. Wanda ya ce da ma an bar su a rufe don harshensu ya tsira, bai taɓa ɗaukar mara lafiya a kafaɗa kwana da kwanaki cikin daji ba. Amma mai nazarin harshe ya lura da abin da ya rage da abin da ya tafi. Rawa da tufafi da girki sun tsaya, domin ana iya fito da su ranar biki, 25 ga Yuli, a mayar da su akwati washegari. Karin harshen ba a yi masa ranar biki ba, kuma masu iya zance da shi yanzu tsofaffi ne ƙalilan.